Dutsen Taimamar Malam

Shekara uku ke nan da rasuwar Malam, kuma har yau in aka taɓa ƙyauren gidan nan bayan la'asar sai na gyara ɗankwali. Ba na ɓoye wa kowa kukana. 'Yata da take rubuta wannan magana ta gaji da ba ni haƙuri, yanzu sai dai ta ajiye biro ta jira in gama.

Malam mijina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba. Mutumin Damagaram ne. Ya shigo Kano cin rani yana saurayi, da niyyar in ruwa ya sauka ya koma gona, ruwa ya sauka sau arba'in da wani abu bai koma ba. Ya yi dakon fata a Challawa har warin jima ya kama masa riguna, ya yi gadin wata masaƙa a Bompai, daga baya ya samu shiga wani kamfani a Sharaɗa inda ake yanka duwatsu ana yi wa gidajen masu hali daɓe da teburan kicin. A nan ya tsaya. Shi ke kan zarto, wani babban faifan ƙarfe mai juyawa da lantarki, ruwa na zuba a kansa. A lokacin ban taɓa ganin zarton ba, da baki ya kwatanta min. Abin da na sani shi ne farar ƙura a gemunsa da cikin kunnuwansa, da jiniyar tashi daga aiki. Tana yin kuka nake ɗora ruwan wanka.

Ni kuma daga wani ƙauye nake ta wajen Ringim. Babana gyartai ne, ɗinkin ƙwarya yake yi da basilla da siririn zaren kaba, don haka Malam bai taɓa kirana da komai ba sai 'yar gyartai. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗinkin hula nake yi a gida, kuma Allah Ya ba ni abu guda: zane in na dube shi da kyau, ya zauna ke nan.

Wata shekara wani Farfesa ya riƙa zuwa kamfaninsu da buhunan duwatsu a bayan mota. Ba daɓe yake so ba. So yake a raba masa kowane dutse biyu ya duba cikinsa, kuma bai yarda kowa ya taɓa masa su ba sai Malam, don hannunsa ba ya rawa. Yana tsaye yana kallo yana surutu, Malam yana kwasowa yana kawo min gida. Wata rana da yamma yana cin tuwo a tabarma, ya tsaya da loma a hannu.

"'Yar gyartai, ashe ƙasar nan da muke zaune a kai ɗinki ce."

Na ce ya ci abinci, rana ce ta dake shi. Ya ce a'a, in saurara. Wai Farfesa ya ce tun can da, kafin a yi mutum, ƙasar nan gutsure-gutsure take, kowane yanki yana can wani wuri da teku a tsakaninsu. Suna tafiya, amma irin tafiyar da farce yake yi a yatsa, ba a gani sai an ga ya fito. A haka suka zo ɗaya bayan ɗaya suka jingina da wata tsohuwar ƙasa da take ta yamma. Inda suka haɗu, tsananin matsi da zafi ya narkar da dutse, narkakken ya bi tsaga ya cika ta ya daskare. Wannan shi ne zaren. In an san shekarun zaren, an san lokacin da aka yi ɗinkin.

Na ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Babana in aka kawo masa ƙwaryar da wani ya taɓa ɗinkewa, zaren kawai yake duba ya ce wannan ya ga damina uku. Malam ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ashe Farfesa ma gyartai ne, sai dai nasa da mota yake yawo.

Tun daga ranar wanke-wanke ya sauya min. In na cika baho da ruwa sai in jefa sakaina biyu ko uku in tsaya ina kallo. Ba na hura su, ba na taɓa su. Su yi ta shawagi, wannan ta nufi gabas, waccan ta juya a wuri ɗaya, can sai in ga sun matso sun jingina da gefen bahon sun yi shiru. In tirela ta wuce a titi gidan ya ɗan girgiza, nakan ji kamar ɗakina ne yake kan ruwa, da gadona da jeren kwanukana, muna tafiya wani wuri a hankali.

Zuwan Farfesa na ƙarshe, ya bar wa Malam rabin wani dutse ya ce ya ajiye masa, zai dawo. Girmansa kamar ƙaramar kabewa, baƙi-baƙi, da farar jijiya mai faɗin yatsa uku ta ratsa shi. Gefe ɗaya sumul yake, inda zarto ya bi, kuma a nan Farfesa ya yi rubutu da jan fenti. Ɗaya gefen kuwa kaushi da tsini. Farfesa bai dawo ba. Aka ce ba shi da lafiya, can aka ce ya rasu. Bayan wasu shekaru kamfanin ya rufe, kowa ya kama abin da zai iya ɗauka, Malam ya ɗauro dutsen nan a bayan kekensa ya kawo gida. Na tambaye shi ko shi ne sallamar tasa. Ya ce ajiyar mutane ce, ya tura shi ƙarƙashin gado. Kullum da safe in zan yi shara sai na jawo shi, in share, in mayar. Na fi shekara goma ina gaisawa da jan rubutun nan.

Sai tari ya zo. Da farko na safe ne kawai, daga baya ya zama na kowane lokaci. Likita ya ce ƙurar dutse ce ta zauna masa a ƙirji kuma ba ta fita. Ya kai ga ko ruwan ɗumi ya taɓa masa wuya da hannu sai tarin ya tashi har ya kusa shiɗewa. Limamin unguwarmu ya zo dubiya ya ce ai Allah Ya sauƙaƙa, ya riƙa taimama. Gidanmu kuwa siminti ne ko'ina. Malam ya ce in jawo ajiyar Farfesa. Liman ya juya shi ya ce ya yi, dutse ne yadda Allah Ya halicce shi, ba a gasa shi da wuta ba, sai dai hannu ya sauka a kan dutse, kada ya sauka a kan fenti. Malam ya ce ba komai, zai yi a ɗaya gefen.

Mako guda yana yi a gefen kaushin. Hannuwansa a lokacin sun kumbura, fatar ta yi laushi kamar ta jariri. Ina kallo yana ɗora su a tsinin nan yana runtse ido. Ranar da 'yata ta zo daga Na'ibawa, inda take aure, ta kai shi asibiti, na fito da dutsen tsakar gida. Na sa kananzir da soson ƙarfe na dirje jan rubutun tas, na bi da sabulu, na ɗauraye sau bakwai, na shanya a rana. Ina ta jin daɗi kamar wadda ta ɗinka masa sabuwar riga.

Da ya dawo na ajiye masa a gaba, gefen sumul a sama. Ya daɗe yana kallo.

"'Yar gyartai, kin goge masa garinsu."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce min rubutun nan lamba ce, ita take nuna tsaunin da aka ɗauko shi, kuma a wajen su Farfesa dutsen da ba a san garinsu ba, ba ya da labarin da zai bayar. Ya rufe ido yana neman lambar a kansa, bai same ta ba, don shi lambobin awo kawai yake riƙewa. Ni kuwa tana nan a idona, kowace da tsayuwarta. Na buɗe baki zan ce zan iya zana masa, sai ya ce a bar shi, mai shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ya ɗora tafukansa a gefen sumul ɗin, na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai na ja bakina na yi shiru, don kada ya ce a mayar da fentin.

Shekara huɗu yana taimama a kansa, sau biyar kullum. Lokacin sanyi nakan fitar da shi da hantsi in ajiye a rana, kafin azahar ya ɗauki ɗumi, kuma da yake yana da nauyi sai ya riƙe ɗumin har magariba. Ni nake ɗauko shi in ɗora masa a cinya. Ya buga, ya shafi fuska, ya sake bugawa, ya shafi hannuwa. A hankali wurin da tafukansa suke sauka ya yi duhu ya yi sheƙi, biyu, ɗaya a kowane gefen farar jijiyar.

Kwana biyu kafin ya rasu, bayan ya idar da azahar, ya riƙe dutsen bai miƙo min ba.

"In wani ya zo daga wajen Farfesa, ki ba shi kayansa. Aro muka yi."

Na ce to. Ina cewa to ɗin ina tunanin wa zai zo bayan wannan shekaru.

Ya rasu ranar Alhamis tsakanin azahar da la'asar. Maza suka ɗauke shi, mu muka tsaya a tsakar gida. Kabarinsa ban san shi ba sai da kwatance, an ce kusa da wata bishiyar darbejiya. Rigunansa aka raba, keken aka ba wani ɗan uwansa da ya zo daga Damagaram. Dutsen babu wanda ya kalle shi. Duk tsawon takabata yana gefen katifata, in abin ya taso min sai in ɗora tafukana a inda nasa suke. Nasa sun fi nawa faɗi. Da sanyin ƙashi ya kama min yatsu, Liman ya ce ni ma in ruwa yana cutar da ni in yi taimama, sai na gaje shi.

Na fita takaba da kamar wata biyu aka yi sallama, wata mata ta shigo. Sa'ar 'yata ce, da tabarau, da dogon hijabi, amma a ƙafarta takalmin maza ne irin na masu shiga daji. Ta cire shi a bakin ƙofa ta durƙusa ta yi min gaisuwa, ta ajiye dabino da sabulu. Ta ce ita ɗalibar Farfesa ce, yanzu ita ma tana koyarwa, Dakta ake ce mata. Tsohon direbansa ne ya gaya mata yakan bar ajiya a wajen mai zarto a Sharaɗa, ta bi tsofaffin ma'aikatan kamfanin da tambaya har aka nuno mata gidanmu.

Ta ce akwai wani tsauni kudu da Kano, daidai kan ɗinkin nan, wanda Farfesa ya ɗebo duwatsu daga gare shi. Yanzu babu tsaunin. Masu fasa dutse sun cinye shi, ya zama tsakuwar titi da harsashin gine-gine, wurin ya koma kududdufi. Duwatsun da suke gidan Farfesa kuwa, 'ya'yansa sun cike ramin ƙofar gida da su wata damina, ba su san na aiki ba ne. Littafinsa kawai ya rage a hannunta, da lambobi fiye da yadda za ta iya bi, daga tsaunuka daban-daban, da yawansu masu farar jijiya. In dutsen da yake wajena daga tsaunin nan yake, shi kaɗai ya rage a duniya.

Na tambaye ta abin da za a yi masa in ta tafi da shi. Ba ta ɓoye min ba, ta ce niƙe shi za a yi. A farfasa, a niƙa, a tankaɗe, sannan a rege da ruwa. Na ce kamar shinkafa? Ta yi murmushi ta ce kamar shinkafa, sai dai ni tsakuwar da ta kwanta a ƙasa nake zubarwa, su kuwa ita suke nema. A cikin abin da ya kwanta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar yashi ba. Ranar da narkakken dutse ya daskare, kowace ƙwaya takan rufe da wani sinadari a cikinta, irin wanda ake haƙa a Nijar, kuma wannan sinadarin yana rikiɗa ya zama dalma kaɗan-kaɗan, ba ya sauri ba ya tsayawa. Ta ce in ɗauka tulu ne mai ɗigo da kwano a ƙarƙashinsa. In na san yadda yake ɗiga, na duba abin da ya rage a tulun da wanda ya taru a kwanon, zan san tun yaushe aka ajiye shi.

Na fahimce ta sarai. Abin da ya tsaya min shi ne a niƙa.

Na jawo shi na ba ta. Ta karɓa da hannu biyu ta juya, ta sake juyawa, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske.

"Mama, ba ku taɓa ganin rubutu a jikinsa ba?"

Na ce akwai, na wanke, na gaya mata dalili. Ta tambaya ko wani ya kwafa a takarda. Na ce ni ban iya karatu ba. Ban yi ƙarya ba, Allah Ya sani, amma Ya kuma san abin da na bari a ciki. Ta shafa wuraren nan biyu masu sheƙi, ta dube ni, ta dawo min da shi.

"To ku riƙe abinku, Mama. In babu lamba, dutse ne kawai."

Ta bar wa 'yata lambar wayarta ta tafi. Ranar na ci abinci sosai. Na ce wa raina ai na cika wasiyya, na ba ta ita ce ta ƙi.

Amma sallata ta daina zama. In tayar da azahar, in kai tsakiya in rasa ko ta biyu nake ko ta uku. In na ɗora hannu a dutsen zan yi taimama, sai in tarar yatsana yana bin inda jan rubutun yake da, shi kaɗai, ban aike shi ba. Wata rana bayan azahar barci ya ɗauke ni a tabarma, na ga unguwar nan duk ta rabu tana kan ruwa. Challawa da majemunta tana tafiya can, Bompai da dogayen bututun hayaƙinta ta nufi wani gefen, ruwan fari kamar gasara, babu iska babu ƙara. Malam yana tsaye a wani ɗan gutsure da bai fi tabarma ba, da kekensa, ba ya tari. Ba ya fushi. Yana duban kowace gaɓa da ya wuce kamar baƙon da ya sauka a tasha ba a zo tarbarsa ba. Na farka ana kiran la'asar, matashina a jiƙe.

A kwanakin ina ɗinka wata hula, farar ƙasa da jan zare. Ba na son zanen kasuwa, nawa nake yi da ka. 'Yata ta zo ran Juma'a ta ɗauki hular tana yabawa, sai ta tsaya. Ta juya bakin hular a hankali.

"Umma, wannan ai lamba kike ɗinkawa."

Na karɓa na duba. Ga su nan zagaye da bakin hular, suna maimaita kansu: tsani mai matakala ɗaya, sai fartanya a tsaye, sai jallo mai ɗaurin ƙugu, sai mutum zaune ya harɗe ƙafa, sai kibiya. Na ɗauka ado nake yi. 'Yata ta karanta su da baki, sunayen da ban san suna da su ba, sannan ta dubi dutsen ta dube ni. Ba ta yi min faɗa ba, halin ubanta gare ta.

"Za ki warware ne, ko in kira ta?"

Na riƙe hular a cinya har rana ta bar tsakar gida. Warwarewa ba wuya, allura ɗaya ce. Na tuna yadda ya ce aro muka yi. Bai ce aro na yi ba, ya sa ni a ciki. Na ce ta kira ta.

Dakta ta zo washegari da littafin a cikin leda, bangonsa ya cinye. Na miƙa mata hular, na kuma karɓi fensirin zanen hula na zana mata a takarda yadda suke a dutsen, da girmansu, da inda kibiyar take kallo. Ta buɗe littafin tana bi da yatsa, shafi bayan shafi. Can ta tsaya, ta cire tabarau ta goge da bakin hijabi ta mayar. Tsaunin ne. Har zanen dutsen Farfesa ya yi a gefe, da jijiyar a karkace yadda take.

Na gaya mata gaskiya, na ce tun ranar farko ina sane. Ta sunkuyar da kai.

"Da ni ce, Mama, ban san ko zan kira ba."

Ita ce ta kawo shawarar a yanke min fuskar dutsen, inda tafukan suke, kaurin yatsa, su tafi da sauran. Ta ce zai ishe su. Na ce sai dai in je a yi a gabana.

Muka shiga adaidaita sahu mu uku, dutsen a cinyata cikin zane. Shekara da shekaru ina jin jiniyar Sharaɗa ban taɓa bin titunanta ba. Dogayen katangu, ƙofofin ƙarfe da kwaɗo ya yi tsatsa a kansu, ciyawa ta fito a inda motoci suke tsayawa da. Wasu sun zama ɗakunan ajiyar kaya, wasu ana buga ruwan leda, tireloli a jere masu shayi a gindinsu. Ina ta kallon titin ina cewa ko tsaunin Farfesa muke takawa.

Wani tsohon abokin aikin Malam ne ya sayi zarton lokacin da kamfanin ya rufe, ya kafa rumfa a bayan wata katanga. Da 'yata ta gaya masa ko ni wace ce, ya ajiye abin da yake hannunsa.

"Ashe ku ne 'yar gyartai."

Na rufe fuska da mayafi. Ya ce kullum in jiniya ta yi kuka, Malam zai kashe zarto ya ce to Kanawa, ku da ba a damu da ku ba ku zauna, ni an ɗora min ruwa. Su ce masa Badamagare ya zo cin rani ya cinye har da damina. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, suka ba ni benci suka jira.

Sannan na ga zarton. Ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Mutumin ya daidaita dutsen, ya duba, ya sake daidaitawa, ya ce shi hannunsa bai kai na marigayi ba amma zai yi a hankali. Da faifan ya kama, ƙarar ta shiga min har haƙora. Ruwan da yake gangarowa fari ne kamar gasara, irin wanda na gani a barcina. Ban kau da kai ba har fuskar ta rabu ta kwanta a hannunsa. Ya ɗauraye ya miƙo min. Tafukan suna nan, duka biyun. Kafin mu tashi na sa aka nemo jan fenti, na ce Dakta ta rubuta lambar a bayan nawa, inda hannu ba ya sauka. Ina tsaye a kanta. Ta manta kibiyar na tuna mata.

An kusa shekara kafin ta dawo. Ta ce an aika ƙwayoyin wata ƙasa inda na'urar take, sun samu abin da suke nema. Ta faɗi shekarun ɗinkin, miliyan ɗari kaza, ban riƙe ba, kaina ba shi da wurin ajiye irin wannan. Na ce Allah ne masani, ta ce haka ne, su ƙirga kawai suke yi. Sai ta nuna min hoto a waya, ƙwaya ɗaya an raba ta an ƙara mata girma. Faifai ne sak, zobe a kan zobe, yadda ake fara saƙa daga cibiya a bi zuwa baki. Amma cibiyar daban take, ta fi duhu, gefunanta a cinye. Ta ce zobban waje su ne na lokacin ɗinki. Cibiyar ta girme su nesa ba kusa ba. Daga tsohon gutsuren da ya taso daga wani wuri take, wutar haɗuwar ta narkar da duk abin da yake kewaye da ita, ita ba ta narke ba, sai sabuwar ƙasa ta yi ta naɗuwa a kanta.

Na tambaya daga ina gutsuren ya taso. Ta ce wannan har yanzu ana gardama, amma yanzu sun fi kusa. Na riƙe wayar na daɗe. Malam ya mutu yana ce wa makaranta lakwal, yadda ake cewa a garinsu, kuma duk shekara in hadarin farko ya haɗu, sai ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon arewa, sannan ya dawo ciki.

Hular ban sayar ba, na gama ta na ba Dakta ta kai wa mijinta. Fuskar dutsen tana nan a wajena, lambar tana kallon ƙasa, sallata ta dawo daidai. Lokacin sanyi ina fitar da ita da hantsi in ajiye a rana kamar da. Sai dai ba ta da nauyi yanzu. Tana ɗaukar ɗumi da wuri, amma kafin in kai ta ɗaki in zauna in gyara zane, ta fara hucewa. Don haka na koyi yin taimamata a nan tsakar gida, a inda ranar take, da sauri, tun da sauran ɗumi a wurin tafukansa.